Shayin da Aka Ce Asiri Ne

Masu karatu, ku gyara zama, yau Dayi zan mai da ku, Dayi ta farkon shekarar 1979, lokacin muna cikin jihar Kaduna, lokacin da duk saurayin da ya hau babur 'yan mata ke ganin ya gama haɗuwa. Sunana Roda, 'yar Malam Sulemanu dattijon majami'armu. Shekarata ashirin da biyu a lokacin, wato a lissafin Gwaggo, yayar Baba da ke zaune da mu, na riga na tsufa a gida.

Kafin in shiga maganar Yunis sai na fara da lambun Mama, domin ba don shi ba da babu labarin.

Mama tana budurwa ta yi aiki a wani ƙaramin asibitin mishan, tana wanke bandeji da zannuwan gado. Da Baturiyar nas ɗin wurin za ta koma ƙasarsu, sai ta bar mata saiwar na'a-na'a da irin wani fure a cikin kwalba. Na'a-na'ar ba irin ta kasuwa ba ce. Karanta duhu ne mai ratsin ja, in ka tauna ganyen sai bakinka ya ɗau sanyi kamar ka sha minti. A cikin wata fasasshiyar randa Mama ta dasa ta kusa da rijiya, don in ka sake ta a ƙasa, kafin ka farga ta mamaye gida. Furen kuma ɗan ƙarami ne fari, tsakiyarsa kamar gwaiduwar ƙwai, ganyensa siri-siri kamar zare. Yau in kun shiga shagunan magani za ku ji ana ce masa babunaj, Turawa kuma kamomil suke cewa. Mu dai furen Mama muka sani. Ba ya son zafi. Sai an gama kaka sanyi ya shigo ake yafa irinsa, a yi ta ban ruwa safe da yamma, kuma kowace shekara dole a bar wasu kawuna su bushe a jikin uwarsu don a samu irin baɗi. In aka kuskure shekara guda, shi ke nan, babu inda za ka samo wani daga nan har Zariya.

Da Mama ta rasu, lambun ya dawo hannuna. Ban taɓa bari ya kwana da ƙishi ba.

Shi kuwa Yunis malamin gona ne na aikin gonar gwamnati na Funtua, mutumin Bakori. Da damina ya fara zuwa gidanmu don nuna wa Baba sabon irin masara da yadda ake zuba takin zamani. Dogo ne baƙi, safari ruwan toka a jikinsa, biro biyu a aljihu, takalmi sau-ciki duk laka. Ranar yana magana yana dafe da ciki, har Baba ya lura.

"Malam, lafiya?"

"Wake na ci a tasha, Baba. Tun safe cikin ke kumbure."

"Roda, haɗo wa malamin gona ruwan nan na uwarki."

Na haɗo na kai zaure a kofin tangaran ɗaya tilo da muke da shi, na durƙusa na ajiye. Ya leƙa kofin ya dube ni.

"Wannan wane irin shayi ne, ba madara ba launi?"

"Irin wanda ake sha a yi shiru ne," na ce.

Baba ya harare ni, shi kuwa ya yi dariya ya shanye. Mako na zagayowa sai ga ƙarar babur a ƙofar gida. Na tambaye shi ko cikin ya sake, ya ce bai gama sakewa ba. Masu karatu, har aka girbe masara aka cire auduga, cikin nan bai gama sakewa ba.

Ba mai yawan magana ba ne. Sai mu zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida, shi a kan babur ni a kan turmi, ya yi ta juya kofi a hannu yana ba ni labarin tsutsar auduga. Ni kuma in ci kwalliya da atamfata mai ganyen rogo, in zizara kwalli, in kafa ɗaurin ɗankwali har kaina na ciwo, duk don in saurari labarin tsutsa. Sai ana gab da Kirsimeti ya buɗe baki, idonsa na kan tayar babur.

"Roda, in na turo manya, za a kore su?"

"Sai ka turo ka gani."

Zai tafi hutu gida ke nan, sai na ɗebi busasshen fure da na'a-na'a na ƙulle masa a farin hankicin da na yi wa ado da jan zare, na ce ya riƙa haɗawa da kansa. Da na san inda ƙullin nan zai kai mu, da a gwangwani na zuba.

A zamaninmu babu waya, rediyo ce wayarmu. Wata Lahadi bayan an taso majami'a, ina tsintar shinkafa, rediyon Baba na kan tabarma, sai na ji mai gabatar da gaishe-gaishe ya ce Yunis daga Bakori yana gai da mai shayin fure a Dayi, yana cewa cikin har yanzu bai gama sakewa ba. Faifan ya kusa suɓuce min. Gwaggo ta ɗago kai daga kaɗin da take yi.

"Ke ce mai shayin?"

"Ni ban sani ba, Gwaggo."

"To duk Dayi ta sani."

Ashe ba Dayi kaɗai ba, Bakori ma ta ji.

Hutu ya ƙare, Yunis bai zo ba. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa, ba babur ba manya. Duk ƙarar da na ji a titi sai in saki abin da ke hannuna in kasa kunne. Ranar da na gane dalili, ƙawata Rahab ce da ta yi aure a Bakori ta zo ganin gida. Ta same ni a bakin rijiya ina ban ruwa, ko goyon bayanta ba ta sauke ba ta ja ni gefe.

"Roda, me kika ba Yunis?"

"Kamar yaya?"

"Uwarsa Hansai ta je gyara masa shimfiɗa, ta tsinci ƙulli a ƙarƙashin matashin kansa. Farin ƙyalle da jan zare, ganye da fure a ciki. Ta ce asiri ne. Ta ce yaron da ko a gaban 'yan uwa ba ya ɗaga murya, yau shi ke kiran mace a rediyo duniya na ji."

"A ƙarƙashin matashi? Sha na ce ya yi."

"Wai ƙamshin yake so." Ta taɓe baki. "Maza ke nan. Amma ba nan ta tsaya ba. Ta bincika, an gaya mata ke jikar Tsohuwa ce."

Tsohuwa ita ce kakata, uwar Baba. Kafin bishara ta shigo gidanmu, ita ce mai bori da magani ta duk yankin, har daga Malumfashi ake zuwa wurinta. Ni ban ma tashi na gan ta ba. Amma suna ba ya bin mai shi kabari.

Kafin yamma maganar ta shiga zumuntar matan majami'a, kafin wayewar gari ta isa kunnen Baba. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Bayan addu'ar safe ya rufe Littafi Mai Tsarki, ya cire tabarau, ya ce in zauna.

"Na san ba abin da kika yi."

"To Baba..."

"Bari in gama. Ranar da uwata ta rasu, da hannuna na kwashe ƙwaryoyinta da layunta na cinna musu wuta, 'yan uwana na zagina. Tun daga ranar nake wanke sunan gidan nan. Yanzu ana nuna ni a kasuwa. Kafin Lahadi ina so a cire lambun nan."

"Baba, furen bai yi iri ba tukuna. In aka cire yanzu ya tafi ke nan. Na Mama ne."

"Na fi ki sanin na wane ne," ya ce, ya tashi ya fita.

Gwaggo kuwa ta samu abin da take nema. Ina wanke-wanke tana tsaye a kaina.

"Tun farko na faɗa. Ga Ɗanasabe mai injin niƙa, ɗan gari, mun san uwarsa mun san ubansa, shekara nawa yana aiko da gaisuwa. Kin tsaya wa mai babur. Ciyawa dai, ciyawa ce za ta hana ki aure?"

Hawaye na ɗiga a ruwan wanke-wanke. Abin da ya fi ci min rai ba maganar gari ba ce, shirun Yunis ne. Na ce a zuciyata, in shi ma ya yarda asiri na yi masa, to kowa ya riƙe nasa.

Ranar Juma'a da hantsi na shiga lambun da faifai. Na yi niyyar tsinke duk furen da ya buɗe in shanya, ko ba komai in samu na tunawa. Wata tsohuwar riga ce a jikina da zanen aiki, kaina ko ɗankwalin kirki babu. Ina tsugune sai na ji sallama a tsakar gida, muryar da ban sani ba, mai kauri kamar ta namiji.

Na leƙo. Wata dattijuwa ce gajera kakkaura, baƙin zanen saƙi ɗaure a ƙirji, gyale ruwan ƙasa a kafaɗa, tsage ya cika kumatunta, hannuwanta na sheƙin man gyaɗa irin na masu ƙuli-ƙuli. Ta ƙi zama a tabarmar da Gwaggo ta shimfiɗa. Ta kwance bakin zane ta fito da hankicina ta ajiye a kan turmi.

"Ni ce Hansai daga Bakori. Mai wannan nake nema."

Gwaggo ta gyara ɗaurin zane. Masu karatu, matar da ta kwana biyu tana min gori, ita ce ta sha gabana.

"Baiwar Allah, in faɗa ya kawo ki, da ni za ki yi. 'Yar nan a hannuna take, ba a taɓa kama ta da abin kunya ba."

"Ban zo faɗa ba. Da faɗa ne da tun daga tasha kin ji ni. Gani na zo yi da idona."

Baba ya shigo daga zaure, suka gaisa sama-sama. Na fito na durƙusa har ƙasa.

"Ina kwana, Iya."

Ta dube ni tun daga kai har ƙafa. Na tuna rigar da ke jikina, na ji kamar ƙasa ta tsage.

"Ke ce?"

"Ni ce, Iya."

"Tashi ki yi min irinsa. Tun daga tushe. Kada ki shiga ɗaki, kada ki juya min baya."

Na wuce gaba ta biyo ni lambu, Baba da Gwaggo na bayanta. Aikin da na saba ne. Na nuna mata yadda ake sa yatsu kamar mataji a ƙarƙashin kan furen a ɗaga, ya tsinke ba tare da kara ba.

"Sai raɓa ta bushe ake tsinka, Iya, kuma kafin rana ta yi zafi. Wanda fararen ganyensa suka fara kwantawa baya, shi ne ya nuna."

"Wancan fa?"

"Na'a-na'a ce. Kan ake yankewa, sai ta sake tofowa biyu."

Ta tsinki ganye ɗaya ta murza ta shinshina.

"Wanda na ba..." Na haɗiye sunan. "Wanda ke cikin hankicin busasshe ne. A inuwa ake shanya shi a kan faifai, a riƙa juyawa har ya yi ƙaras. In rana ta buge shi ƙamshin gudu yake yi."

Muka dawo murhu. Na wanke ƙaramar tukunyar da ba a taɓa sa mata mai ba, na ja sabon ruwa a rijiya a gabanta, na hura wuta da karan dawa. Na ɗauraye furen da ganyen na zuba a samira. Da ruwa ya tafasa na sauke, na bari ya daina bori, sannan na kwarara a kai na rufe da murfi.

"Ba za ki dafa ba?"

"In aka dafa ɗaci yake yi. Jiƙa shi ake yi a rufe, kada tururin ya tafi da amfanin."

Muka zauna jira. Kwatsam sai na ji ta damƙi hannuna, damƙa irin ta mai matsar tunkuza.

"Me kike karantawa?"

"Ni, Iya?"

"Bakinki na motsi. Na gan shi."

Sai a lokacin na gane. Mama ba ta da agogo, da waƙar majami'a take auna lokacin jiƙon, ta rera ta tun daga farko har ƙarshe sannan ta buɗe murfi. Ni ma na gada, har ban san ina yi ba. Na duba fuskar Baba, na ga ya runtse ido.

"Waƙa ce, Iya. Da ita ake gane ya jiƙu."

"Ɗaga murya in ji."

Na ɗaga. Muryata na karkarwa kamar ta akuyar da ruwa ya doka. A baiti na biyu na sarƙe. Sai Gwaggo ta karɓa da tata tsohuwar muryar, tana harar Hansai tana rerawa, kamar da waƙar take dukanta. Waƙa ce da kowace majami'a a ƙasar nan ta sani. Kafin a kai ƙarshe na ji damƙar ta sassauta, na saci kallo na ga leɓen Hansai ma yana bi.

Na buɗe murfi, ƙamshi ya cika tsakar gida. Na tace da farin ƙyalle, ruwan ya fito garau kamar man shanu narkakke, na ɗiga zuma, na zuba a kofin tangaran na ajiye a gabanta. Ta dubi kofin, ba ta taɓa ba.

Baba ne ya miƙa hannu ya ɗauka. Ya kurɓa ya ajiye.

"Hansai, ni ɗan Tsohuwa ne, ba na musu. Na san asiri, a cikinsa na girma, kuma na san ranar da na rabu da shi. Wannan matata ce ta shigo da shi gidan nan. Da shi ta yi jinyar uwata a ciwonta na ƙarshe, lokacin da ko kunu ba ya zama a cikinta. In akwai abin da ya mallake ni a ciki, to hannun da ke haɗawa ne, kuma mai hannun tana kabari." Ya juyo gare ni ba tare da ya haɗa ido da ni ba. "Maganar da na yi shekaranjiya, na janye. Tsoron bakin mutane ne. A bar furen ya yi iri."

Na sunkuyar da kai don kada baƙuwa ta ga hawayena.

Sai a lokacin Hansai ta zauna a tabarma. Ta zauna da nauyi, kamar wadda ta sauke dami. Ta dubi hankicin da ke kan turmi.

"Malam, ni ma na san asiri, shi ya sa na tsorata. Haihuwa shida na yi, biyar ƙasa ta karɓe tun ba su yi haƙori ba. Da aka haifi wannan, a kan juji aka ajiye shi aka sake ɗaukowa, wai ko mutuwa za ta raina shi ta wuce. Babu bokan da ban taka ba. Wuyansa, ƙugunsa, hannunsa, duk ƙulle-ƙulle ne irin wannan, farin ƙyalle da jan zare. Shi ne da ya girma ya yi makaranta ya ja ni majami'a, na kwance su duka na zubar. To in ɗaga matashinsa in ga irin abin da na zubar, me kuke so in ce?"

Gwaggo da ta shirya faɗa ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna kusa da ita.

"Ni uku na binne," Gwaggo ta ce a hankali. "Sha kafin ya huce."

Hansai ta ɗauki kofin da hannu biyu, ta shinshina, ta kurɓa. Ta riƙe a baki kafin ta haɗiye.

"Ba wani daɗi gare shi ba," ta ce. "Sai ƙamshi."

Amma ta shanye, kuma da na ƙara mata ba ta hana ba. Gwaggo ta kawo dambu, suka ci tare suna hirar tsadar gyaɗa kamar tare suka tashi. Ban ji an ambaci aure ba, ban ji an ambaci Yunis ba. Na shige ɗaki na sauya kaya, na sa atamfata da farar riga mai aiki a wuya, na ɗaura ɗankwali sosai. Da na fito Hansai ta dube ni ta ce, "Ɗazu ma na gan ki," ta ci gaba da cin dambunta.

Da azahar ta wuce ta ce za ta koma. Gwaggo ta ce in riƙe mata ƙwaryar da ta zo da ita mu raka ta bakin titi. Muna tafe, Gwaggo ta tsaya gaisawa da wata, muka yi gaba mu biyu. A gindin wata tsamiya inda ake jiran mota Hansai ta tsaya, ta yi magana tana kallon titi.

"Ya zo nan?"

"A'a, Iya. Tun kafin Kirsimeti ban sa shi a ido ba."

Ta juyo da sauri. "Ban gane ba. Ba wurinki yake zuwa ba?"

"Ko saƙo ban samu ba."

Ta sauke ajiyar zuciya. "Ranar da na tsinci abin nan na faɗa masa maganganu. Na ce ya zaɓa, ko ni ko ke. Ya ɗauki jakarsa ya koma ɗakinsa na Funtua, ya ce ba zai taka Dayi ba sai da yardata, ba kuma zai kwana a gidan da ake kiran 'yar mutane matsafiya ba. Na aika kawunsa, ya ƙi. Na aika fasto, ya ce yana nan zuwa, har yau. Ni duk zatona nan yake tarewa."

Masu karatu, kunya ta hana ni murmushi, amma wani dutse da ya daɗe a ƙirjina ya faɗi a wurin. Ashe shirun nan ba guduna ya yi ba.

"Yarinya," ta ce, muryarta ta yi ƙasa, "ki aika masa. Ki ce ya dawo gida. Taki zai ji."

Bakina har ya buɗe zai ce to. Wace budurwa ce uwar saurayinta za ta roƙa ta ƙi? Sai na dubi fuskarta, na ga abin da roƙon ya ci mata. Na hango shi ya dawo Bakori da maganata bayan ya ƙi ta kawu ya ƙi ta fasto. Za ta yi murna ranar farko. Daga nan kuma duk sanda ta dube ni za ta tuna cewa sai da izinina ɗanta ya shigo ɗakinta. Wannan ya fi kowane ƙulli.

Na durƙusa a kan tsakuwar bakin titi.

"Iya, ki gafarce ni, ba zan aika ba."

Fuskarta ta ɗaure. "Ramuwa za ki yi?"

"A'a. In ya dawo don na ce, abin da aka faɗa a kaina ya tabbata ke nan, ko a wurinki. Ba kirana yake jira ba. Naki yake jira, daga bakinki."

"Ni in bi ɗan da na haifa har ɗakinsa?"

"Kin biyo ni har Dayi, ni da ba ki haifa ba."

Gwaggo da ta iso daidai lokacin ta zungure ni da ƙafa, wai na cika baki. Hansai ta karɓi ƙwaryarta daga hannuna ta ɗora a ka, ta juya min ƙeya. Na ce a raina, shi ke nan Roda, kin gyara da safe kin ɓata da rana.

Muna nan tsaye har wata bas ta taso daga wajen Yashe, kaji da buhuna ɗaure a samanta. Hanya ɗaya ce, ita ke ratsa Malumfashi ta bi ta Bakori ta ƙare a Funtua. Ta tsaya tana huci. Hansai ta yi wa Gwaggo sallama, ni ko kallo ban samu ba. Ta tattare zane ta taka ta shiga, aka matsa mata a bakin taga.

Kwandasta ya buga jikin mota ya leƙa ta wurinta.

"Iya, Bakori ko?"

Ta gyara ƙwaryar a cinyarta. Ta tagar ta dube ni, kallo ɗaya, ba fara'a ba fushi.

"Funtua," ta ce.